Ɓerayena da injin gudu: yadda aikin digiri na biyu ke tafiya

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Yau dai Farfesa ya sa hannu a kan taken aikina, bayan sau uku yana dawo min da shi da jan biro. Na ce bari in riƙa rubuta yadda abin ke tafiya a nan, ko don in na zo rubuta babi na uku kar in manta me na yi da me ban yi ba, don na san halina.

Ga aikin a taƙaice. In ka sa dabba ta yi gudun da ba ta saba ba, tsokarta na jin jiki, wasu sinadaran da ke zaune cikin zaren tsoka sai su tsiyayo su shiga jini. Wanda aka fi aunawa shi ne CK, kiriyatin kainas, wani enzayim da aikinsa cikin tsoka shi ne mayar da ATP, wato makamashin da tsoka ke aiki da shi, nan take lokacin da ake buƙatar ƙarfi da gaggawa. Wurin zamansa cikin zare ne, ba shi da wani aiki a jini. To in ka ɗebi jini ka ga ya yi yawa, ka san tantanin da ya lulluɓe zaren ya yi yoyo a wani wuri. Kamar ka shiga sito ka tarar da gero a ƙasa ne, ba sai an faɗa maka akwai buhun da ya huje ba. Akwai kuma wasu enzayim biyu, LDH da AST, su ma suna fitowa, amma su ana samunsu da yawa a hanta da wasu wuraren, shi ya sa CK ya fi nuna tsoka kai tsaye.

Tambayata ita ce, namijin ɓera da macen ɓera, in suka yi gudu iri ɗaya na lokaci ɗaya, waye ya fi yoyo, kuma waye ya fi jin rauni. Da na faɗi haka a ofis Farfesa ya ɗago kai ya ce, "Malam, tambaya ɗaya ka yi ko biyu?" Na ce ɗaya ce ranka ya daɗe. Ya yi murmushi kawai ya miƙo min takardar.

Alhamis, 23 ga Janairu

Kwana goma ina karatu, hazo ya rufe gari, mura ta kama ni, amma na samu abin da nake nema.

Tushen maganar daga Utrecht ne a ƙasar Holan, wasu mutum biyu, Amelink da Bär. A 1986 suka ɗora ɓeraye a injin gudu na awa biyu suka auna jini. Mazan CK ɗinsu ya yi sama sosai, matan kuwa da kyar ya motsa. Sai suka cire wa wasu matan gidan ƙwai, wato inda istirojin, sinadarin jinsin mata, ke fitowa, suka sake sa su gudu, sai ga su suna yoyo irin na maza. A 1988 suka juya abin, suka ba maza istiradayol, wato babban nau'in istirojin, kafin gudu, yoyon ya lafa. Abin da ya fi burge ni shi ne na 1990, da suka ciro tsokar soliyas ɗin nan ta ƙarƙashin sha-raɓa suka sa ta cikin ruwan gwaji suna motsa ta da lantarki, babu zuciya babu hanta babu ƙoda a wurin, tsoka ce zalla, kuma duk da haka ta namiji ta fi ta mace zubar da CK. Wannan ya toshe bakin mai cewa ai don namiji ya fi nauyi ne ko don mace ta fi iya gudu.

Me ya sa istirojin ke yin haka? Bayani biyu na fi gani. Na ɗaya, a ƙirarsa akwai wani zobe irin wanda bitamin E ke da shi, to yana iya tare sinadaran nan masu cin kitsen tantani da ke yawaita lokacin motsa jiki. Na biyu, shi mai narkewa a kitse ne, yana kutsawa cikin tantanin ya zauna kamar yadda kolestarol ke yi, sai tantanin ya ƙara ƙwari. Har tamoksifen, maganin da ake ba masu kansar mama don ya tare istirojin, an gwada shi a ɓeraye ya rage yoyon maimakon ya ƙara shi, wanda ya sa wasu suka ce to ba ta hanyar da istirojin ya saba aiki ba ne, ta tantanin ne kai tsaye.

Na yi kuskuren ba uwargida labarin da daddare. Ta ce, "Dakta, wai sai da Turawa suka wahalar da ɓera awa biyu kafin ku yarda mun fi ku juriya? Da ka tambaye ni ai da na hutar da kai kuɗin makaranta." Tun ranar duk na ce na gaji sai ta ce yoyo kake yi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Injin gudun sashenmu ya daɗe da mutuwa, sabo kuwa kuɗinsa da dala ne, ba ma sai na faɗa ba. Don haka ni da wani mai walda muka haɗa namu. Injin waifa na tsohuwar mota daga wajen 'yan gwangwan, bel na roba mai ɗan kaushi don ƙafa ta riƙa kamawa, layi huɗu da aka raba da filastik mai gani har hanji, sai ƙafafun baya da za a iya ɗagawa.

Gangara nake so, ba hawa ba. Mutane na zaton hawa ne ke lalata tsoka tunda shi ya fi sa haki, amma duk wanda ya taɓa sauka daga dutse ya san ciwon cinya na jibi daga saukar yake zuwa, domin a gangara tsoka na miƙewa ne alhali tana riƙe da nauyi, kamar igiyar guga da ake sassautawa a hankali cike da ruwa. Tsarin da kowa ke bi shi ne na Armstrong da abokan aikinsa a Amurka, 1983: gangara digiri 16, gudun mita 16 a minti, jimillar minti 90. Su sun ga CK ya tashi da an gama gudu, sannan masu gangarar suka sake wani tashin bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu.

Mai waldan ya tambaye ni, "Oga, wai da gaske ɓera za a ɗora a kai?" Na ce eh. Ya ce shi dai a biya shi kafin labari ya kai gida. Gudun bel ɗin da alli da agogon waya muka auna shi, muka yi ta juya maɓalli har ya tsaya a 16.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Takardar kwamitin kula da haƙƙin dabbobin gwaji ta fito, da sharaɗin ba za a sa musu shokin lantarki don su yi gudu ba. Na ji daɗin haka ma, buroshi mai laushi zan sa a ƙarshen layi, in ɓera ya ja baya ya taɓa shi ya koma gaba.

Ɓerayen sun iso, farare, irin Wistar, 'yan sati shida, rabi maza rabi mata. Baba mai kula da ɗakin dabbobi ya fi shekara ashirin a wurin, kallo ɗaya yake wa ɓera ya faɗa maka jinsinsa, ni sai na ɗaga wutsiya na yi ta leƙe.

Matsala ta farko ta riga ta bayyana a kan sikeli. Shekarunsu ɗaya amma mazan sun fara tsere wa matan a nauyi, kuma tazarar ƙaruwa za ta yi ta yi. In na daidaita su da shekaru, namiji zai sauko gangara da kaya mafi nauyi a kan ƙafarsa, kuma yana da tsoka mafi yawa da za ta zubo CK. In na daidaita su da nauyi, sai in haɗa saurayi da mace babba, wanda shi ma wani rikicin ne. Farfesa ya ce in bar su a shekaru ɗaya in rubuta nauyin kowa ranar gudu, in an zo lissafi a cire tasirinsa.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na fara duba zagayen matan. Ɓera mace duk kwana huɗu zuwa biyar take zagayowa, istirojin ɗinta na kai ƙololuwa ne a rana ɗaya ya sauko, to in ban san ranar da kowace take ba zan iya sa wata gudu tana sama wata tana ƙasa in ce duk "mata" ne. Kullum ƙarfe takwas na safe, in ɗebo ƙwayoyi daga al'aurar kowace da ɗigon ruwan gishiri, in sa a gilashi, in duba a madubin ƙara girma. Sati guda kafin idona ya fara bambance ƙwayoyi masu zagaye da masu kama da ɓawon masara da ƙananan fararen ƙwayoyin jini. Wannan wahalar ce ta sa shekara da shekaru masu bincike suka riƙa amfani da maza zalla, har sai da hukumar NIH ta Amurka ta sa doka daga 2016 cewa mai neman kuɗinta sai ya yi la'akari da jinsi a bincikensa.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama. Na mayar da aiki bayan asuba, kafin rana ta ɗaga.

Na yi gwajin share fage da ɓeraye kaɗan da ba sa cikin lissafi, kuma alhamdu lillahi da na yi, don abin kunya ne ya fito. Ɓerayen da ko injin ba su hau ba CK ɗinsu ya fi na wasu da suka yi gudu. Na zauna na yi shiru ina kallon takarda. Sai da na bi abin ɗaya bayan ɗaya na ga laifina ne har kashi uku.

Na farko na zuba jinin a kwalba mai jan murfi na bar shi ya daskare. A mutum wannan ba komai, amma ƙwayoyin daskarar da jinin ɓera suna ɗauke da nasu CK ɗin, suna fashewa lokacin daskarewa sai su zuba shi a ruwan. Dole in koma kwalba mai koren murfi, mai hefarin da ke hana jini daskarewa, in juya jinin nan take in kwashe ruwan sama. Na biyu na riƙa matsar wutsiya don jini ya fito, ga ɓeran na ta fizge-fizge a hannuna, wannan kokawar kaɗai ta isa ta sa tsoka yoyo. Na uku wasu samfuran sun yi ja-ja, alamar jajayen ƙwayoyi sun fashe, su kuma cike suke da LDH, sannan akwai wani enzayim a cikinsu da ke rikita awon CK ɗin kansa. Har allurar sa barci in aka yi ta a cinya tana ɗaga CK, don allura ce ta huda tsoka.

Baba ya nuna min yadda ake naɗe ɓera a tawul ya yi lamo, a ɗumama wutsiyar a ruwan ɗumi jijiya ta fito da kanta. Ya ce, "Yaro, kai kana tsoronsa yana tsoronka, ina jini zai fito?" Na kuma tsara kowa zai sha hannu minti kaɗan kullum har ranar gudu don su saba.

Saba wa injin kuma a shimfiɗe zan yi shi, a hankali, minti biyar zuwa goma. Ba zan ɗanɗana musu gangara ba ko sau ɗaya, domin tsoka in ta sha gangara sau ɗaya ta warke, karo na biyu ba ta jin rauni kamar na farko, kuma kariyar na ɗaukar makonni.

Lahadi, 16 ga Maris

Yanzu na gane murmushin Farfesa na ranar farko.

Daren jiya bayan asham na ci karo da wani aiki daga Maastricht, ita ma a Holan, na van der Meulen da Kuipers da Drukker, 1991. Su ma Wistar suka yi amfani da su, maza da mata, gudun awa ɗaya da rabi ko biyu da rabi a hawa na digiri 10. A jini sun ga abin da 'yan Utrecht suka gani, maza sun fi zubar da CK da AST da LDH. Amma su ba su tsaya a jini ba, bayan kwana uku suka ciro tsoka guda biyar suka yanka suka auna wurin da ya lalace a madubi. Soliyas ce kaɗai ta nuna rauni, kuma raunin maza da na mata ɗaya ne. Ƙari a kan haka, da suka lissafa yawan tsokar da ya kamata a ce ta mutu in aka bi yawan enzayim ɗin da ya fito, sai suka ga ainihin abin da ya lalace bai kai haka ba ko kusa. Suka kuma ce wani ɓangare na bambancin jinin daga saurin kwashe enzayim ɗin ne, ba daga zubowarsa kaɗai ba.

Wallahi barci ƙaura ya yi. Na koma kan misalina na sito. Geron da ke ƙasa ya nuna akwai huji, gaskiya ne, amma bai faɗa maka buhu nawa ba ne, bai faɗa maka buhun yagewa ya yi ko ɗinki ne ya ɗan saki ya koma ba, sannan in ɗaya siton kaji na shiga suna tsincewa za ka tarar da ƙasa fes alhali hujin na nan. Zaren tsoka na iya buɗewa na ɗan lokaci ya zubar da kaya ya like kansa bai mutu ba. Shi CK ƙato ne, ba ya faɗawa jini kai tsaye, sai ya bi ta magudanar limf, mai kwashe ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki, tukuna, a ɓera kuma ba ya daɗewa a jini ake kwashe shi. Abin da nake aunawa a kwalba saura ne tsakanin zubowa da kwashewa a daidai mintin da na soka allura.

Ba wai an gama magana ba ne. A Finlan, Komulainen da abokansa a 1999 sun yi da gangara, suka duba tsoka tun awannin farko, suka ga a maza zare na kumbura da wuri, sunadaran da ke riƙe da ginin zaren irin distirofin da desmin suna ɓacewa da wuri, a mata abin na zuwa a makare kuma da sauƙi. Shi kuma Peter Tiidus a Kanada ya nuna istirojin na rage fararen ƙwayoyin jinin da ke kwarara cikin tsoka bayan gudu, daga baya shi da Enns a 2008 suka ga yana ƙara ƙwayoyin da ke gyara tsoka. To ka ga amsar ta danganta da hawa ne ko gangara, wace tsoka, da kuma wace awa ka duba. A mutane ma, Priscilla Clarkson ta Massachusetts ta daɗe tana cewa bambancin da ake gani a ɓera ba ya fitowa fili haka in aka sa maza da mata aiki daidai ƙarfinsu, duk da cewa a zaune ma CK ɗin maza ya fi yawa.

Ni dai tsarina na farko jini ne kawai, saboda shi ne mai araha. Da na tafi a haka da na rubuta "mata sun fi maza kariya daga raunin tsoka" da ƙaton harafi, alhali yoyo kawai na auna. Na tura wa Farfesa saƙo tun kafin sahur, ya amso da safe: "Barka da zuwa. Ka kawo sabon kasafi ranar Talata." Sabon kasafi kuwa na nufin fomalin na adana tsoka, kakin zuba tsoka, kuɗin yanka da rini, ga komawa gaban kwamiti a ƙara min izini. Akwai wani shuɗin rini da ake yi wa dabba allurarsa ya shiga duk zaren da ya huje, da shi ne ya fi dacewa da tambayata, amma yana son madubi na musamman da injin yanka a daskare, ba mu da ko ɗaya.

Laraba, 2 ga Afrilu

Barka da sallah. Na je gida, na leƙa bargar kawu kamar yadda na saba, da yake ni ne likitan dabbobin dangi kyauta.

Muna zaune ɗan bargarsa ke ba ni labarin wani doki da ya taɓa riƙewa a wani gida, an ɗaure shi kwana biyu ana zuba masa dawa da dusa ba kilisa, ranar da aka fito da shi ko nisa ba a yi ba ya ƙage, gumi ya karyo masa, cinyoyin baya suka yi tauri kamar itace, fitsarinsa ya fito kamar baƙin shayi. Mutanen gidan suka ce sammu ne. Na ce masa wannan a littafi sunansa ciwon safiyar Litinin, daga Turai sunan ya fito, lokacin da dawakai ke jan kaya, a hutar da su ranar Lahadi ba a rage musu hatsi ba, Litinin da safe a ɗaura musu amalanke su sandare. Baƙin fitsarin nan mayogulobin ne, jan sinadarin cikin tsoka, daga tsokar da ta fashe, kuma shi ke kashe ƙoda in ba a ba dokin ruwa sosai ba. A doki CK na kai ƙarshen tashinsa awa huɗu zuwa shida bayan abin ya faru ya sauko da wuri, AST kuwa sai wajen kwana guda yake kaiwa, ya yi sati ko fiye bai sauka ba, shi ya sa in ka zo a makare AST za ka duba.

Ina cikin bayanin sai abin ya faɗo min. A dawakan tsere na Turawa, wannan ciwon mai dawowa ya fi kama mata ne, musamman 'yan shekara biyu masu zafin kai da firgita. Ƙungiyar Stephanie Valberg a Jami'ar Minnesota ta bi wannan sosai, a wani bincikensu na 1999 kusan kashi 5 cikin ɗari na dawakan tseren da suka duba na fama da shi, kuma ƙananan goɗiyoyi ne a gaba. To ina kariyar istirojin ɗin ta tafi? A ɓera mace ce ba ta yoyo, a doki goɗiya ce ke sandarewa. Gaskiya ba abu ɗaya ba ne, na dokin ciwo ne da ake dangantawa da yadda zare ke sarrafa kalsiyam, da gado, da abinci, da halin dabbar, na ɓeran kuwa lafiyayyar tsoka ce aka gajiyar. Amma ya ishe ni gargaɗi kar in rubuta "a dabbobi" a inda ya kamata in rubuta "a ɓeran Wistar ɗan sati kaza".

Na tambayi kawu ko ya taɓa lura goɗiya ta fi ingarma wannan matsalar. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wa ka taɓa gani ya hau goɗiya ranar hawa?" Gaskiyarsa, mu nan ingarma ake ɗaurewa a gida, goɗiyoyi na ƙauye wajen haihuwa, in ba a filin folo ba da wuya ka ga mace tana sukuwa. Na dai bar musu shawara, duk ranar da doki bai fita ba a rage hatsi a ƙara harawa, kuma gara kilisa kaɗan kullum da a tara ta rana ɗaya.

Litinin, 14 ga Afrilu

Rukunin farko sun yi gudu. Zafi ya sa muka fara ƙarfe shida, fanka biyu a kansu, minti biyar gudu minti biyu hutu har aka cika 90. Matan sun fi bin bel ɗin lafiya, mazan ne ke zama a kan buroshi sai an taɓa su, guda ɗaya ya ƙi sam na cire shi na rubuta dalili. Na ɗebi jini da an gama, sannan bayan awa 48, daga nan aka sa su barci na ƙarshe aka ciro soliyas da tsokar gaban cinya ta ciki.

An ɗauke wuta kwana biyu a jere, janareta ba mai. CK ba ya son zafi, in ruwan jinin ya narke ya sake daskarewa ƙarfinsa raguwa yake. Na kwashe kwalaben a kula da ƙanƙara na kai gidan wani abokina mai sola, yanzu haka suna firizarsa kusa da kajin matarsa, na rubuta "KAR A TAƁA" a jikin robar da jan maka.

Asabar, 26 ga Afrilu

Gilasan rukunin farko sun dawo daga wajen yanka, guda uku sun naɗe sai an sake. Na ba wata abokiyar karatuna ta rufe lambobin da salatif ta sa nata, takardar fassarar na hannunta, ban san wanne ne namiji wanne ne mace ba sai na gama ƙirga. Haka na yi da kwalaben jinin ma. Na san zuciyata, wata uku ina karanta cewa maza sun fi yoyo, in na san gilashin namiji ne idona zai nemo masa rauni ko babu.

Abin da nake ƙirgawa a kowane fili: zaren da ya kumbura ya yi zagaye, wanda ya koɗe, da wanda ƙananan ƙwayoyi suka cika cikinsa suna cinye shi. Jiya na yi gilashi shida kafin idona ya fara ruwa. Wasu ka ga fili tas kamar ba a yi gudu ba, wasu ka ga zare biyu uku sun mutu a tsakiyar lafiyayyu. Uwargida ta leƙo ta ce to su waye suka ci, na ce sai an ɓare salatif.

Rukuni na biyu za su hau ranar Talata in an samu wuta, mata huɗu daga ciki zagayensu ya nuna za su kasance a ranar da nake so. Sinadarin awon CK ya kusa ƙarewa, na yi odar wani tun makon jiya bai iso ba, kuma bel ɗin ya fara zamewa gefen hagu, gobe zan kira mai walda.